Reshen da Fitos Ya Yanko Daga Lapitos

Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci, Mastre Fitos (mastre laƙabin gwanin sana'a ne) yakan fito da tirensa tsakar gida, ya jera dogayen kofunan gilashi uku, ya haɗa giyar barandi mai tsami. Ɗaya nasa, ɗaya na matarsa Maritsa, ɗaya na kumbaronsa Lefteris, wato amininsa da ya tsaya masa ranar aure. Sai ya ɗaga nasa ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye, ya dire kofin ya ce, "Bai yi ba."

Sama da shekara ashirin da biyar ya yi yana wannan abin a unguwarmu ta 'yan gudun hijira da ke gefen Nikosiya, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa jin ya ce ya yi. Lefteris kuwa shanye nasa yake yi tas, har ya bi ƙanƙarar ya tauna.

"To in bai yi ba miƙo naka mana, kumbaro, kada a yi asara."

"Kai ai ko ruwan wanke-wanke aka ɗiga wa barandi sha za ka yi," in ji Fitos. "Harshenka ya mutu tun kana soja."

"Nawa ya mutu, naka ya haukace. Wanne ya fi sauƙi?"

Maritsa takan leƙo daga kicin ta ce, "Ku shanye ku ba ni kofunana, tsofaffin banza, abinci na hucewa."

Ba wai hannun mutumin ne ya lalace ba, a'a. Kallonsa yana haɗawa ma abin a biya kuɗi ne. Zai goga yankin lemun tsami a bakin kofi, ya kifa shi a farantin sukari ya ɗaga, sukarin ya zagaye bakin ba tsalle ba giɓi. Ya zuba ƙanƙara. Barandi awo biyu, lemonada awo ɗaya, bai taɓa neman abin awo ba, wuyan hannunsa ya san iyaka. Sai ruwan ɗacin nan na 'yar ƙaramar kwalba, ɗigo uku, in na huɗu ya kuɓuce sai ya zubar ya sake. Ya cika da soda a hankali ta gefen kofin, ya juya sau ɗaya da dogon cokali. Lemonadar kuwa aikin Maritsa ne, ba ta kanti ba. Takan murje ɓawon lemu a cikin sukari har sukarin ya jiƙe ya ɗauki ƙamshi, sannan ta matse ruwan, kofi ɗaya na ruwa kofi ɗaya na sukari, ba a ɗora shi a wuta. Juyawa ake yi ana bari, kwana biyu, sai ya narke ya yi kauri a ɗura a kwalba. Duk wannan ana yin sa yadda ya kamata. Lemun ne ba shi ba.

Shi Fitos, sunansa na baftisma Neofitos, mutumin Lapitos ne, can arewacin tsibirin nan namu na Kubrus, tsakanin dutse da teku. Garin lemun tsami ne. Kowane gida da lambunsa, ruwa na gangarowa daga idon ruwan da ke saman gari ta ƙananan magudanai, kowa da ranarsa ta ban ruwa. A wurinmu kuma ba a shuka lemun tsami haka kawai daga ƙwallo. Kitromilo ake fara shukawa, lemun nan mai ɗaci da ba ya ciwuwa, saboda saiwarsa na da juriya. In ya kai kaurin babban yatsa sai a yi masa aure: a tsaga ɓawonsa, a cusa idon reshen lemun kirki, a ɗaure. Daga mahaɗar zuwa sama lemun tsami, daga mahaɗar zuwa ƙasa kitromilo har abada. Duk wanda ya tashi a lambu ya san haka kamar yadda ya san sunansa.

Fitos dai a kunne ya san shi. Yana da shekara goma sha biyu ubansa ya kai shi wani otal a Kirenya wankin kofuna, don lambun ba zai ci da 'ya'ya maza biyu ba, kuma wansa Harilaos ne mai hannun shuka. Daga wankin kofuna ya koma ɗaukar tire, daga ɗaukar tire ya shiga bayan kanta, ya samu farar kwat da baƙin ɗan ƙulli a wuya. Shi lemu a kan katakon yanka ya san shi. Ka ba shi ɗaya ido a rufe, wuƙa na shiga zai gaya maka na wane gari ne, amma ka sa shi a lambu sai ya taka maka shuka yana ba ka haƙuri.

Da ya auri Maritsa, 'yar masu lambu ce gaba da baya, uban amarya ya gina mata gida kamar yadda aka saba. Harilaos ba shi da abin kawowa na a zo a gani, sai ya yanko ido daga tsohuwar bishiyar ubansu, wadda duk dangi ke ji da ita, ya yi wa wani kitromilo aure a bakin ƙofar kicin ɗin amarya. Ya ce wa ƙanen, "Ga gudummawata. Kada ka taɓa ta da hannun nan naka, matarka ta san abin da za ta yi." Lemun bishiyar nan ɓawonsa siriri ne, ƙwallo kaɗan, in ka yanka shi a kicin sai na ƙofar gida ya ji. Da shi Maritsa ke yin lemonada, Fitos ya ɗauka a mota duk Litinin ya kai otal a ɓoye, ya tura ta kamfani can ƙasan kanta. Har daga Limasol mutane kan zo su zauna a gabansa. Bai taɓa gaya wa kowa sirrin ba, shi dai sai ya yi murmushi ya goge kanta.

A bazarar 1974 sojojin Turkiyya suka sauka a gaɓar teku kusa da Kirenya. Farkon watan Agusta mutanen Lapitos suka fita, kowa da abin da hannunsa ya kai. Maritsa ta ɗauki 'yarsu Nitsa da hoton aure da makullin gida. Fitos, don Allah ku ji, dogon cokalinsa ya ɗauka. Harilaos ya raka su bakin mota ya ce, "Ku yi gaba. Yau ranar ruwanmu ce, bari in buɗe wa itatuwa in biyo ku." Ba a sake ganinsa ba, ba a kuma taɓa kawo gawarsa ba.

Suka yi zaman tanti, daga baya gwamnati ta ba su gida a unguwarmu, ɗaki biyu da tsakar gida da ba ta fi tabarma uku ba. Daga ƙofarsu ana hango Dutsen Yatsu Biyar, Lapitos na bayansa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, amma an ja layi an sa soja. Fitos ya samu aikin dafa kofi a wani kulob ɗin ƙwallo, ya yi ta yi har gwiwoyinsa suka ƙi. Nitsa ta yi aure ta tafi Landan. Maƙwabta suka shuka inabi da zaitun a tsakar gidajensu, shi kuwa ya hana a sa ko tsinke a ƙasa. In Maritsa na son na'ana'a ko furanni, to a gwangwani.

"Wa zai shuka abu a gidan aro?" in ji shi. "Ranar komawa ki ce in tone miki?"

Lemu kuwa ba irin wanda bai gwada ba. Na Fasuri, na Pafos, na kasuwa, na gidan surukin wani. Wannan tsami ne kawai ba ƙamshi, wancan ruwa ne, wancan kuma ɓawo ya cinye shi. Mun yi dariya har mun gaji, daga baya muka daina, don mun gane ba wasa yake ba. Abin da mutumin nan ke so a duniya ɗaya ne: kafin ya mutu ya sake haɗa kofi ɗaya da lemun bishiyar da Harilaos ya yi wa aure.

A watan Afrilun 2003 aka wayi gari an buɗe shingen da ya raba tsibirin, wai kowa na iya ƙetarawa ya dawo a ranar, in ya nuna takardarsa. Fitos yana da shekara sittin da tara, yanar ido ta fara rufe masa gani, amma tun kafin a gama karanta labarin ya fito da takalminsa na coci. Maritsa ta ce ita ba inda za ta.

"In nuna wa wani takarda kafin in shiga gidan da ubana ya gina min? Ka je kai kaɗai. Ka gaishe min da ƙofar."

Lefteris ma ya ƙi, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Da ɗayansu ya bi shi, da labarin nan ba haka zai ƙare ba.

Ya yi awa biyar a layi, ya hau tasi. Garin ya ƙanƙance masa. Magudanan ruwa sun bushe, ciyawa ta fito a ciki, lambuna da yawa sun zama itacen wuta a tsaye. Ya sami gidan, an canja launin ƙofa. Wani dattijo mai gashin baki ya buɗe, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi masa magana da Girkancin ƙauyen Pafos, irin wanda Fitos ya yi shekaru bai ji ba.

"Kai ne mai gidan? Shigo, shigo. Kullum ina cewa wata rana wani zai ƙwanƙwasa."

Sunansa Niyazi, Baturken Kubrus ne, tsohon direban bas. Shi ma nasa gidan yana kudu, wasu ne a ciki. Ya kawo kofi, suka zauna kamar mutum biyu a ɗakin jiran likita, kowa na jin nauyin ɗan'uwansa. Can Fitos ya ce, "Akwai wata bishiya a bakin kicin."

"Tana nan, amma kada ka sa rai. Ruwa ya daina zuwa tuntuni. Ni kuma, ka yi haƙuri, sitiyari na sani. Rabon da ta yi ɗa har na manta."

Tana nan ɗin kuwa. Manyan rassanta sun bushe, ɓawo na sulluɓewa. Can sama ta gefen katanga akwai reshe ɗaya tak mai sauran rai, siriri, ganyensa biyar ko shida, duk sun yi rawaya sun nannaɗe. Fitos ya ɗaga kai ya kalle shi ya kawar da ido, don ko a mafarki ba zai ɗora irin wannan a gaban baƙo ba. Amma daga ƙasa, daf da ƙasa, wasu tsirrai sun taso suna sheƙi, kore shar, miƙaƙƙu, har sun kai masa ƙirji. Da ya gan su sai ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro, Niyazi ya koma ciki ya ba shi wuri.

Shekara talatin a bayan kanta sun koya masa abu ɗaya: in an kawo kwando, ka zaɓi mafi kyau. Ya fito da wuƙarsa ya zaɓi mafi kyau guda uku ya yanka. Niyazi ya ba shi jiƙaƙƙen tsumma ya naɗe, ya cusa cikin rigarsa, suka yi musayar lambar waya. Har ya iso gida hannunsa na dafe da ƙirjinsa.

Maritsa na zaune a kicin ya shigo. Bai ko zauna ba ya warware tsumman a kan tebur. "Ga ta," in ji shi. "Tana da rai, Maritsa. Bishiyar Harilaos tana da rai."

Kallo ɗaya ta yi wa ganyen. A wuyan kowane ganye akwai wani ɗan fiffike, kamar ƙaramin ganye kafin babban. Ganyen lemun tsami ba shi da wannan. Ta murza ɗaya a yatsa ta kai hanci, ta tabbatar. Tsiron gindi ya yanko, na ƙasan mahaɗa. Kitromilo ne, irin wanda ke zube a titunan Nikosiya motoci na takawa.

Ta ɗago za ta yi magana, sai ta ga fuskarsa. Rabonta da ganin wannan fuskar tun yana sa farar kwat.

"Saman fa?" ta ce a hankali. "Manyan rassan?"

"Sun bushe ƙurmus."

"Duka? Ba ko ɗaya?"

"Na ce miki sun mutu, ke! Amma dubi waɗannan, dubi lafiyarsu."

Shi har ga Allah bai ɗauki reshen nan mai rawaya a bakin komai ba, shi ya sa bai ambace shi ba. Ita kuma ta yi lissafinta: in saman ya mutu, lemun Harilaos ya tafi ke nan, faɗa ba za ta dawo da shi ba. Ta ce a ranta, bari ya kwana da murnarsa, gobe na gaya masa.

Gobe ta yi, sai ga shi da sassafe ya turo rabin ganga a baro, da buhun ƙasa, da ɗan dashen kitromilo da ya sayo. A ganga za a sa, in ji shi, don ranar komawa a ɗora a mota. Ya miƙa mata wuƙa. "Ke za ki yi. Ya ce kada in taɓa da hannuna." Maritsa ta tsaga ɓawon, ta cusa idon, ta ɗaure da zare. Ta aurar da kitromilo ga kitromilo, shi yana tsaye yana riƙe mata zaren.

Ranar Lahadi Lefteris ya zo, ya tsinci ragowar reshen a gefen ganga ya duba, ya buɗe baki. Maritsa ta damƙe masa hannu ta ja shi kicin.

"In ka ce uffan, kada ƙafarka ta sake taka gidan nan."

"Haba kumbara, ai zai gani da kansa."

"Sai nan da shekara huɗu. Kai ka san wa zai kai shekara huɗu, ni ko kai ko shi?"

Auren ya kama, abin haushi, ya kama da kyau. Unguwarmu kuwa rabinta mutanen lambu ne. Duk wanda ya wuce ya leƙa gangar nan ya ga fiffiken ganyen ya gane, kuma duk muka yi gum. Har yau in na tuna sai in ji kunya, amma ku da kun ga mutumin da kun yi shiru. Ya daina kwana da rana. Ya rage taba. Da safe ya jawo gangar rana, da azahar ya mayar da ita inuwa, da gwiwoyin nan nasa. Lokacin da aka riƙa ɗauke ruwan famfo, ruwan wankansa yake ragewa ya ba ta. Ya ba wani yaro tsoro har ya yi fitsari don ƙwallonsa ta faɗa kusa da ita. Ranar Lahadi yakan ce "bai yi ba" kamar kullum, amma yanzu sai ya ƙara da nuna gangar da cokali: "Ku dai jira."

Bayan shekara ɗaya da rabi Niyazi ya bugo waya. Ɗansa ya sayar wa masu gine-gine da gidan, duk layin za a yi gidajen hutu na baƙi. Motar rusau ta riga ta shiga, ta kwashe lambun da kicin ɗin da komai. Ya ce ya ga ya kamata ya faɗa da bakinsa. Fitos ya yi masa godiya ya ajiye wayar, ya fita ya tsaya a kan gangar ya daɗe. Sannan ya juyo ya ce wa matarsa, "Kin ga ikon Allah? Da ban je ba fa? Yanzu duk duniya ita kaɗai ta rage." Maritsa ta ce haka ne, ta shiga banɗaki ta kunna famfo.

A shekara ta huɗu bishiyar ta yi fure, 'ya'ya uku suka tsaya. Idanunsa zuwa lokacin sun yi nisa, likita na ta cewa a yi aiki yana ɗagawa. Da hannu yake duba su. Ya ji su a mulmule, babu ɗan tsinin nan na ƙasan lemun tsami, ya tambayi Maritsa. Ta ce 'ya'yan fari ne, haka suke yi. Ya karɓa da sauri, kamar wanda dama abin da yake so a ce ke nan. Da sanyi ya shigo suka nuna, suka yi ja irin na lemun zaƙi, amma shi ja da rawaya duk hazo ɗaya ne a wurinsa.

Ranar waliyyin da ya ci sunansa tana ƙarshen Janairu, ranar da mai suna ke buɗe ƙofa kowa ya shigo ya yi masa barka. Tun wata guda kafin nan ya bi gida gida yana cewa bana za mu sha barandi mai tsami na gaskiya, ko da kurɓi ɗaya ɗaya ne. Ya sayi barandi mai tsada. Ya sa aka wanke farar kwat ɗin da ya ɗinka bayan hijira bai taɓa sawa ba.

Saura kwana biyu, da hantsi, ya tsinko ukun da hannunsa ya kawo kicin, don lemonada na son kwana biyunta. Maritsa ta auna sukari ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Ya ɗauki ɗaya ya murza a kan katako da tafin hannu. Ɓawon na da kauri, da kaushi. Ya ɗan tsaya. Sannan ya sa wuƙa.

Ƙamshin na tashi ya sani. A lambu ana iya rufe shi, amma ban da kan katako. Bai ma kai baki ba. Ya ajiye wuƙar a hankali, ya daidaita ta da gefen katakon.

"Maritsa."

"Na'am."

"Wannan kitromilo ne."

"Shi ne."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka fito da shi daga rigarka. Tsiron gindi ka yanko."

"Kuma kika ɗaure shi da hannunki. Ina riƙe miki zare."

"Na ɗaure."

"Lefteris fa?"

"Har Fadan cocinmu ya sani, Fitos. Kowa ya sani."

Ya daki teburin har sukari ya watse. A shekara arba'in da bakwai na aurensu bai taɓa ɗaga mata murya irin ta ranar ba. "Shekara huɗu! Ina jan ganga kamar jaki kuna kallona! Me na yi muku? Da kin buɗe baki a ranar, ai da na koma! Shekara ɗaya da rabi bishiyar na tsaye, da na koma!"

"Ka koma ka yanko me?" Ita ma ta miƙe, hawaye na zuba ba ta share ba. "Kai ka ce min saman ya bushe ƙurmus. Sau biyu na tambaye ka. Na rantse da kabarin ubana, da ka ce akwai ko reshe ɗaya mai ganye, ko ganye ɗaya ne, da ni da kaina zan nuna musu takardar in je in yanko. Ido ɗaya ya ishe ni. Amma babu, ka ce babu. To in gaya maka don me? Don in kashe ka?"

Sai ga reshen nan a gabansa, fes, ya fi duk abin da idonsa ya gani a shekarun nan fitowa. Can sama ta gefen katanga, siriri, da ganyensa biyar ko shida masu rawaya. Da ya miƙa hannu da ya kai. Niyazi ma na da tsani, ya gan shi jingine a bango.

Ya buɗe baki. Ya dubi matar, tsohuwa ƙanƙanuwa da sukari a gaban rigarta, wadda ta ɗauki wannan abu ita kaɗai shekara huɗu tana ganin ta yi masa alheri. In ya faɗa, ita ma sai ta ɗauki abin da ya ɗauka yanzu har ta mutu.

"Haka ne," in ji shi. "Ya bushe duka."

Ya tsugunna da ƙyar ya fara tattara sukarin da ya zube da gefen hannunsa.

Ranar sunan muka je, don rashin zuwa ya fi muni. Yana sanye da farar kwat, ta yi masa yawa a kafaɗa. Lemun kanti aka yi amfani da shi, ba wanda ya tambaya. Ya haɗa wa kowa, bakin kofi da sukarinsa, ɗigo uku, juyi ɗaya. Ya ɗaga nasa ya kurɓa. Lefteris ya matso da kujera, ya shirya tsokanarsa, don ko faɗan nan nasu ya dawo a samu a yi dariya.

"Ya yi," in ji Fitos.

Ba wanda ya yi dariya. Lefteris ya ajiye kofinsa da saura a ciki, abin da ba a taɓa gani ba.

Washegari Fitos ya aika a kira shi, ya ce ya zo da diga. Su biyu suka fasa simintin tsakar gidan, suka haƙa rami, suna yi suna hutawa. Suka kwantar da gangar suka zaro bishiyar da ƙasarta suka sa a ramin.

"Kumbaro," in ji Lefteris yana haki, "in ka sa ta a ƙasa fa ba ta ɗaukuwa."

"Na sani. Tura ƙasar."

Ya tattake gindin da ƙafa, ya zuba mata bokiti ɗaya, ya shiga ciki ya kwanta, rana tsaka. Gangar tana bayan gidan har yanzu, Maritsa na tara ruwan wanki a ciki.